Tattalin Wutar Lantarki a Ƙasar Gusau da Tsafe da Bunguɗu



Mai girma shugaban taro, wakilan iyayenmu Sarkin Katsinan Gusau da 'Yandoton Tsafe da Sarkin Fulanin Bunguɗu, shugabannin wannan ƙungiya, malamai, 'yan kasuwa, iyayenmu mata, da 'ya'yanmu matasa, muna yi muku barka da zuwa wannan taro na shekara. Kwamitin shirye-shirye ya ɗora mana nauyin yin magana a kan wutar lantarki, da irin sauye-sauyen da aka samu a harkar kamfanin da ke rarraba mana ita. Sana'armu dai alli da allo ce, saboda haka da lissafin 'yan aji biyar za mu yi bayani, muna kuma roƙon injiniyoyin da ke zaune a nan su yi haƙuri da mu idan mun sauƙaƙa abin da yawa.

Har gobe idan aka kawo wuta yara a unguwa "Nefa" suke ihu, alhali hukumar da ke da wannan suna ta daɗe da zama tarihi. An kafa NEPA a 1972, lokacin da aka haɗe hukumar lantarki ta ƙasa, wato ECN, da hukumar da ke kula da madatsun ruwan Kwara, wadda ta gina Kainji. A 2005 aka yi dokar gyaran harkar lantarki, NEPA ta koma PHCN, aka kuma kafa hukumar NERC domin ta zama alƙali tsakanin mai sayar da wuta da mai saye. A watan Nuwamba na 2013 aka miƙa yawancin kamfanonin rarraba wuta, waɗanda jimillarsu goma sha ɗaya ne, ga 'yan kasuwa. Namu, wato Kaduna Electric, mai kula da jihohin Kaduna da Zamfara da Sakkwato da Kebbi, sai a watan Disamba na 2014 aka miƙa shi. A watan Janairu na 2024 kuwa hukumar NERC ta rushe hukumar gudanarwarsa saboda tarin bashin da ake bin sa. Mun kawo wannan tarihi ne domin mu gane cewa wuta ta tashi daga kayan gwamnati ta koma haja ta kasuwa, kuma idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

To, daga ina wutar tamu take zuwa? Babu babbar tashar da ke samar da ita a cikin wannan jiha. Daga madatsun Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru, da tashoshin iskar gas na Kudu, ake zuba ta a babban layin ƙasa, ta iso tashar Mando a Kaduna, ta biyo ta Zariya da Funtuwa, sannan ta sauka a tashar Gusau, inda ake rage mata ƙarfi a rarraba wa unguwanni da garuruwan da ke kewaye. Wato mu muna can wajen wutsiyar layi ne, kuma duk abin da ya sami kai sai ya taɓa wutsiya. Kowa a nan ya tuna watan Oktoba na 2024, lokacin da aka lalata layin da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, ɗayan layin da ya biyo ta Binuwai shi ma ya sami matsala, yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu. Masu ƙanƙara da masu walda da masu injin niƙa su ne za su ba da labarin abin da suka yi asara.

Ko a ranar da komai ke lafiya, abin da ƙasar nan ke samarwa a mafi yawan kwanaki bai wuce megawat 4,000 zuwa 5,000 ba, ga jama'a fiye da miliyan 200. A tsarin rabon da aka yi wa kamfanonin nan goma sha ɗaya bayan sayar da su, kashi 8 cikin 100 aka ware wa namu. Ɗalibi ya ɗauki alli: kashi 8 cikin 100 na 4,000 shi ne 320. Megawat 320 ke nan za a raba tsakanin birnin Kaduna da masana'antunsa, da Zariya, da Sakkwato, da Birnin Kebbi, kafin a zo kan Gusau, balle Tsafe da Bunguɗu da Kwatarkwashi. Ƙungiya irin tamu ba ta da ikon gina madatsa, ba ta kuma da ikon ja sabon layi daga Kaduna. Abin da ke hannunmu shi ne yadda za mu sarrafa ɗan abin da ya iso ƙofar gidajenmu, kuma a kansa muke son mu daɗe a yau.

Mu fara da ƙwan fitila, tun da shi ne mafi ƙanƙanta kuma shi aka fi rainawa. Tsohon ƙwai mai zare a ciki, wanda ke ƙona hannu idan an taɓa shi, yana cin wat 60, wani 100, wani ma 200. Kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake ci zafi take zama, saura ne kawai haske. Sabon ƙwai da ake kira LED yana ba da hasken mai wat 60 da wat 9 kacal. Mu ƙaddara gida mai ƙwai goma, ana kunna su awa shida a dare. Da tsohon ƙwai, wat 600 sau awa shida ya ba da yunit 3.6 a rana, wato yunit 108 a wata. Da sabon ƙwai kuwa, yunit 16 da ɗan ɗoriya. Bambancin ya haura yunit 90 kowane wata. Idan ana sayar maka da yunit a kan naira 60, alal misali, ka tsira da fiye da naira 5,000 a wata ba tare da ɗakinka ya rage haske ba. Ga shi kuma tsohon ƙwai awa dubu yake yi ya mutu, sabon kuwa, idan mai kyau ne, yakan ninka haka sau goma sha biyar ko fiye. Ba banza ba aka ba wasu masana uku 'yan asalin Japan kyautar Nobel a 2014 saboda binciken da ya haifar da shi.

Wani zai ce ai yawancin gidaje sun riga sun sauya. Gaskiya ne, an sauya a ɗakunan kwana. Amma a zaga zaure da bayan gida da ƙofar shago da teburan masu shayi da masu tsire, a duba fitilun da ake ratayawa a ƙofar gida domin tsaro, za a ga tsohon ƙwai yana nan daram, kuma sau da yawa rana tsaka yana ci, babu mai kashe shi. Sannan kasuwa ta cika da jabu, wanda za a rubuta masa wat 30 a kwali, ya yi mako uku ya dushe. Araha ba ta ado. Mai saye ya duba adadin hasken da aka rubuta, wanda ake aunawa da lumen. Lumen 800 shi ne daidai da tsohon ƙwai mai wat 60. Ya kuma sayi nasa a wurin mai shagon da zai karɓa idan ya mutu da wuri.

Yanzu mu fito daga gida mu je gindin taransifoma, domin a can ne maganar take da nauyi. Taransifomar da aka fi girkawa a unguwanninmu, mai lamba 300, abin da take iya ɗauka cikin kwanciyar hankali bai wuce kilowat 240 ba. A ce gida 200 ne ke kanta. Idan kowane gida ya kunna tsofaffin ƙwai goma, kilowat 120 sun tafi, rabin ƙarfinta ke nan, tun ba a kunna fanka ko firji ko talabijin ba. Da sabon ƙwai, gidajen nan 200 kilowat 18 za su ci. Sai kuma hita ta dafa ruwa, wadda ita kaɗai takan ci wat 1,000 ko fiye. Da asubahin hunturu, idan gida ɗari suka tsoma hita a bokiti a lokaci guda, kilowat ɗari ke nan. A bazara kuma, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ga fankoki ga na'urorin sanyaya ɗaki, ita kanta taransifomar tana tsaye a rana, man da ke cikinta domin sanyaya ta ya yi zafi, wani lokaci ma ɓarayi sun zuƙe shi da dare. Sai ka ga wuta ta zo ja kamar garwashi, fanka tana juyi kamar mai jin barci. Bayan 'yan makonni a ji ƙara, a ga hayaƙi, unguwa ta shiga duhun wata uku.

Akwai wata ɗabi'a da ke gaggauta wannan mutuwa. Wayoyi uku ne ke ɗauko wuta daga taransifoma, kuma an yi ta ne domin nauyi ya rabu daidai a kansu. Da zarar ɗaya ta yi rauni, sai kowa ya kira yaro mai tsani ya mayar masa da gidansa kan wadda ta fi ƙarfi. Kafin a jima unguwa duka ta taru a kan waya guda, kamar a ɗora wa jaki mangala a gefe ɗaya. Idan fis ya tsinke, wanda aikinsa ke nan ya tsinke domin ya ceci na'urar, sai a ɗaura masa waya mai kauri wadda ba za ta tsinke ba. Rayukan samari nawa aka rasa a kan falwaya ta wannan hanya? Iyaye mata da ke nan, ku ne za ku fi mu iya hana su.

Kada a ɗauka wannan lissafi na allo ne kawai. A 2007, lokacin da ruwan madatsar Akosombo ya ja baya, ƙasar Gana ta shiga ƙarancin wuta, gwamnatinta ta raba wa jama'a ƙwai marasa cin wuta miliyan shida kyauta, ta karɓe tsofaffin. Abin da aka rage a lokacin da aka fi jan wuta da dare ya kai megawat 124. A kwatanta da megawat 320 da muka lissafa wa jihohinmu huɗu: ya haura kashi ɗaya bisa uku. Tashar wuta sukutum suka samu ba tare da sun aza tubali ko ɗaya ba. Ƙasashen Turai kuma tsakanin 2009 da 2012 suka kawar da tsohon ƙwai daga kasuwanninsu da doka.

To me ya sa mutanenmu, waɗanda suka san tattalin hatsi a rumbu da tattalin ruwa a randa, ba su tattalin wuta? A ganinmu amsar tana cikin takardar bil. Gidan da ba shi da mita, ƙiyasi ake yi masa. Ya kashe fitila, ya bar ta, kuɗin da za a rubuto masa ɗaya ne. Wanda aka yi wa haka, mene ne zai hana shi dafa wake a kan risho na lantarki tun safe har azahar? Shi kuma wanda ya yi tattali, aka kawo masa bil daidai da na maƙwabcinsa mai firji uku, sai zuciyarsa ta ƙeƙashe ya ƙi biya. Kamfani ya ga unguwa ba ta biya, ya karkata wutar zuwa inda ake biya. Kowa ya yi hasara. Mita ita ce mudun wannan ciniki, kuma babu wanda zai yarda ya sayi gero a kasuwar Tsafe a ce masa an auna a bayan rumfa.

Hanyoyin samun mita biyu aka buɗe. A 2018 hukumar NERC ta fito da tsarin da mutum zai biya kuɗin mita da kansa ta hannun kamfanonin da aka amince wa, a girka masa, daga baya kuma aka ƙara da cewa a riƙa mayar masa da kuɗinsa a hankali ta hanyar ƙarin yunit. A 2020 kuma gwamnatin tarayya ta fara shirin raba mita ba tare da an biya nan take ba. Wanda bai samu ba tukuna, ya sani cewa tun watan Fabrairu na 2020 hukumar ta sa iyaka ga abin da za a ƙiyasta wa gidan da ba shi da mita, gwargwadon abin da masu mita na yankinsa ke ci. Kuma dokar tana da haƙora: a watan Fabrairu na 2024 an ci kamfanonin nan goma sha ɗaya tarar naira biliyan goma da rabi saboda sun ƙetare iyakar a 2023, aka kuma umarce su su mayar wa jama'a abin da suka ɗora musu. Masu mita mai kati kuwa sun tuna ranar 24 ga Nuwamba 2024, wa'adin da aka sa na sabunta mitoci da wasu lambobi guda biyu masu alƙaluma ashirin-ashirin. Kyauta ne aka ce a yi shi. Duk wanda mitarsa ta daina karɓar kati tun daga lokacin, ofis zai nufa, kada ya kira mai tsani ya zagaye ta, domin zagaye mita sata ce, tararta kuma mai nauyi.

Sai maganar rukuni, wadda ta rikita mutane da yawa. Tun 2020 aka kasa masu amfani da wuta rukuni biyar bisa ga awannin da aka yi alkawarin ba layinsu a rana: rukunin A awa 20, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. A watan Afrilu na 2024 aka ɗaga farashin rukunin A daga wajen naira 68 zuwa naira 225 a kan yunit guda, daga baya aka ɗan sassauta. Rukunin mutum yana rubuce a jikin bil ɗinsa ko rasidin katinsa, amma mutum nawa ne a cikinmu suka taɓa dubawa? Alkawari ne aka yi, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Sai dai mai neman a cika masa alkawari yana bukatar shaida. A nan ne muke ganin aikin makarantunmu. A ba 'yan aji biyar da aji shida littafi guda, su riƙa rubuta lokacin da aka kawo wuta da lokacin da aka ɗauke, su haɗa jimilla a ƙarshen mako, su fitar da matsakaici a ƙarshen wata. Sun koyi tarawa da rabawa da karatun agogo, unguwa kuma ta sami hujja a rubuce. Mu da muka yi shekaru muna neman misalan lissafi a cikin littattafan da aka rubuta domin yaran wata ƙasa, ga misali a bangon zaurenmu.

Da wannan littafi a hannu ake zuwa ƙorafi, kuma ƙorafi yana da tsani. Ana farawa da rubuta takarda zuwa sashen sauraren koke na kamfani, a riƙe kwafi mai hatimi da kwanan wata. An ba su kwana goma sha biyar na aiki su warware. Idan ba a gamsu ba, sai a ɗaukaka zuwa zauren sauraren ƙorafi da hukumar NERC ta kafa, daga nan kuma zuwa hukumar kanta. Wanda ke jayayya da bil na ƙiyasi yana da damar ya ci gaba da biyan adadin ƙarshe da bai yi jayayya da shi ba har a yanke hukunci. Ihu a ƙofar ofis da jifan ma'aikacin da aka aiko yankan wuta ba su taɓa gyara layi ba. Shi ma ɗan wani ne, aike aka yi masa.

Mun zo kan abin da ya fi shafar asusun wannan ƙungiya. Shekara da shekaru, duk lokacin da taransifoma ta ƙone, karo-karo ake yi, a bi gida-gida, a tuntuɓi 'yan'uwa da ke Abuja da Legas, a je gaban ɗan majalisa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, wannan haka yake, kuma Allah ya saka wa duk wanda ya bayar. Amma a ƙa'idar hukumar NERC, sayen taransifoma da falwaya da waya nauyin kamfani ne, domin kuɗinsu yana cikin farashin da muke biya. Idan jama'a suka ga ba za su iya jira ba suka yi niyyar saye, ƙa'ida ta ce a fara ƙulla yarjejeniya a rubuce da kamfani a kan yadda za a mayar musu da kuɗinsu. In ba a yi haka ba, an yi kyauta ke nan. Sannan a mayar da sabuwar na'ura ƙarƙashin nauyin da ya kashe tsohuwar, bayan shekara biyu a sake fitowa da faranti.

Janareta kuma ya daina zama mafita ga talaka tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma haura 1,000 a ƙarshen 2024. Ƙaramin janareta da wuya ya ba ka yunit biyu daga lita guda, wato wutarsa ta fi ta rukunin A tsada nesa ba kusa ba, ban da hayaƙinsa da ke kashe iyali cikin barci idan aka kwana da shi a rufaffen wuri. Rana kuwa Allah ya hore mana ita, kuma a nan kusa, a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, akwai cibiyar binciken makamashi da ta shafe shekaru tana aiki a kan hasken rana da murhu mai tattalin itace. Sai dai sola ma tattali take so. Gidan da ya rage cinsa zuwa ƙwai masu wat 9 da fanka marar cin wuta, faranti ɗaya ko biyu da batir guda sun ishe shi. Wanda ya ce sai ya jona hita da dutsen guga, kuɗin gona zai kashe.

Shawarar da muke ajiyewa gaban shugabanni ita ce, a bana a ware wani kaso na abin da aka saba tanada domin gyaran taransifoma, a zaɓi taransifoma uku, ɗaya a Gusau, ɗaya a Tsafe, ɗaya a Bunguɗu. Matasanmu da suka karanta aikin lantarki su zaga gidajen da ke kan kowace ɗaya, da izinin masu unguwanni, su ƙidaya ƙwai da hita da injuna. A sayo ƙwai masu kyau a sari, a fara sauya na masallatai da makarantun Islamiyya da na firamare da ɗakin shan magani, sannan a sayar wa gidaje a kan farashin sari, da sharaɗin a karɓi tsohon ƙwan a fasa, don kada ya koma zaure. A rubuta wa kamfani takarda guda da sunan ƙungiya, a nemi mita ga gidajen nan gaba ɗaya, a kuma nemi ma'aikatansa su zo su daidaita nauyin wayoyin nan uku da hannunsu. Limamanmu, Allah ya ƙara muku lafiya, kun fi mu sanin abin da addini ya ce a kan almubazzaranci, ko da a bakin kogi mutum yake alwala; muna roƙon a sa fitilar da ke ci da rana a cikin wannan babi.

Idan an amince, muna roƙon sakatare ya karɓi sunayen masu son shiga aikin ƙidayar kafin a tashi, shugabannin makarantun firamare na unguwannin da za a zaɓa kuma su same mu bayan sallar la'asar domin mu tsara yadda za a ja layukan littafin awanni. Abin da yaran suka rubuta a cikin wata goma sha biyu, shi za a karanta a wannan zaure baɗi, in Allah ya kai mu.

Allah ya ba mu zaman lafiya a garuruwanmu da ƙauyukanmu, ya mayar da kowa gidansa lafiya.